Kwamfutar da Ba a Kashewa

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Maigida ya haɗiyi ruwa da kansa. Cokali uku, a kan idona. Likita ya ce mafi munin shanyewar jikin ya wuce, ni kuwa na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Alhamdulillahi. Kwana huɗu ina zaune a kujerar roba gefen gadonsa, sai yau na lura ƙafarta ɗaya a tsage take.

Littafin nan na odar kwastomomi ne, na juya shi ta baya nake rubutu. Ba ni da wanda zan yi wa surutu. Wanda na saba yi wa shekara ashirin da shida yana kwance yana bi na da ido. Dama Maigida ba mai yawan magana ba ne, ni ce rediyon gidan, amma ban taɓa sanin ina ƙirga 'yan kalmomin nasa ba sai da suka ɗauke.

Yayansa ya ce in je gida in yi wanka in leƙa shago, shi zai zauna.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Shagonmu yana ƙasan gidan da muke ciki. Injin surfani ne mai kai shida, da teburin yanka, da kantar zare, sai wata kwamfuta a lungu da Maigida yake kira Tsohuwa. Ta yi ja saboda shekaru, fankarta tana gurnani, amma duk zanen da muka taɓa ɗinkawa yana cikinta, ita ce kuma take gaya wa injin inda zai soka allura. Ni nawa yanka ne da ɗaura firam da faɗa da kwastoma. Tsohuwa tasa ce shi kaɗai. A kan makunninta na bango ya manna filasta ya rubuta KADA A KASHE, har batura ya haɗa mata don kada ta ji ɗaukewar wuta.

Ranar Alhamis da ya faɗi na ɓare filastar na kashe ta.

Yau na kunna, sai fuskarta ta fito baƙa da ƙananan rubutu farare, ta tsaya a nan. Gwaggo, mai yanke mana zare tun kafin in haifi autata, ta leƙo ta kafaɗata ta ce, “'Yar nan, ba haka take yi ba.” Na ce na sani.

Akwai bajen makaranta ɗari takwas a kanmu, tambarin da ake ɗinkawa a aljihun rigar ɗalibai. Shugabar makarantar tana so ranar Asabar, talatin ga wata. Aikin kwana huɗu ne in inji yana tafiya. Akwai lokaci, don haka ban ɗaga hankalina ba.

Talata, 5 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na kira mai gyara. Tabarau ake ce masa, don biyu yake ɗorawa a hanci idan zai duba ƙaramin abu. Ya buɗe cikinta, ya hure ƙurar da za ta cika kwano, ya zaro wani ɗan batir kamar maɓallin riga.

“Hajiya, wannan ya mutu tun ba yau ba. Shi yake riƙe mata agogo. Shi ya sa mai shagon ba ya bari a kashe.”

Ya sa sabo, ya duba wayarsa ya saita mata kwanan wata da shekara daidai, ta tashi tsaf. Na kusa rungumar kwamfuta a gaban namiji baƙo. Sai muka buɗe manhajar surfanin, ta fito da wani ɗan akwati ta ce wa'adin lasisi ya ƙare, a tuntuɓi kamfani.

Tabarau ya ce ƙaramin abu ne, kamfanin da ya sayar mana zai sabunta a minti biyar. Na yarda da shi.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya motsa babban yatsan hannun dama. Nas ta ce in daina tafi, akwai marasa lafiya.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na je ofishin kamfanin. Sanyin na'ura, kujeru masu laushi, da wani saurayi mai kwat da ya ba ni ruwan gora kafin in buɗe baki. Na nuna masa hoton Tsohuwa a waya. Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa hoton kakar mutum.

“Hajiya, wannan zubin ai mun rufe babinsa shekara tara da suka wuce. Ba ma sabunta masa lasisi.”

“Wa kuka tambaya kafin ku rufe?”

“Duniya ce ta ci gaba, Hajiya.”

“Injina bai samu labari ba. Ranar Larabar makon jiya ya ɗinka rigunan ma'aikatan gidan mai guda sittin, ko allura bai karya ba.”

Ya yi mini bayani da haƙuri, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Tsohuwar manhaja ba ta hawa sabuwar kwamfuta, don ƙwaƙwalwarsu ba yare ɗaya suke ji ba. Sabuwar kwamfuta ba ta da faffaɗan ramin nan mai haƙora ashirin da biyar da wayar injinmu take shiga. Sabuwar manhaja kuma ba ta san injinmu ba, ba ta kuma karanta tsofaffin zanenmu. Wato in sayi kwamfuta, in sayi manhaja, in sayi inji, sannan in sake zana aikin shekara goma sha biyar daga farko.

Ya ce amma da sabuwar zan iya aika zane ta waya daga kowace ƙasa a duniya.

Na ce, “Ɗan nan, daga kwamfutata zuwa injina taku uku ne. Baje ɗari takwas nake so in ɗinka, ba zagaya duniya ba.”

Ya rako ni har ƙofa. A bakin matakala ya rage murya ya ce kawunsa ma yana da injin buga takardu da ya tsaya ta wannan hanyar, lafiyarsa ƙalau, an lulluɓe shi da leda. Ya ba ni biro mai sunan kamfanin. Da shi nake rubutun nan, yana rubutu da kyau.

Juma'a, 8 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Maigida ya ɗaga hannun hagu yana sama da ƙasa da yatsu, kamar alluran inji. Tambaya yake yi. Na ce, “Lafiya lau, ana ta aiki.” Ya lumshe ido, fuskarsa ta saki.

Likita ya ce kada a kawo masa abin da zai tayar masa da hankali. Umarnin likita nake bi.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ban gaya masa ba.

Litinin, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Tabarau ya dawo da tasa kwamfutar ta hannu, da wata 'yar waya mai baki biyu da ya ce tana haɗa sabo da tsoho, da wata manhaja da ya samo. Mutumin kirki ne, ya ɗauki abin kamar nasa. Tun da ba ta karanta zanenmu, na zauna na sake zana bajen da kaina: buɗaɗɗen littafi, fitila a samansa, da taken makarantar a ƙasa cikin ƙananan haruffa. Awa uku na yi, fitilata ta fito kamar albasa.

Muka ɗaura ƙyalle, ya danna. Injin ya yi tari, ya ɗinka rabin littafi, ya tsaya yana tunani, sannan ya zabura ya tara zare wuri ɗaya ya karya allura uku. Gwaggo ta ɗaga ƙyallen sama tana juyawa.

“Wannan makarantar tsuntsaye ce? Ga sheƙa nan kun yi musu.”

Na yi dariya har da hawaye, ita ce dariyata ta farko tun ranar Alhamis ɗin. Tabarau ya cire tabarau ɗaya ya ce saƙon yana isa ga injin a gutsure ne, kuma ba zai ci gaba da gwaji a kan injin mutane ba. Na gode masa da ya faɗi gaskiya.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ya ce “a'a.” Nas ce ta zo da allura. Kalmar farko ke nan, kuma ta dace da halinsa.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ya same ni a barandar asibiti. Mutum ne mai zuciyar alheri, amma komai yana so a yanke shi yau. Gwaggo ce ta tsegunta masa, ba sai na tambaya ba.

“Maman yara, ki saurare ni. Ko ya tashi, ba zai koma gaban injin nan ba. Kamfani ma da kansa ya ce abin ya mutu. Akwai masu sayen tsofaffin ƙarafa, akwai mai kemis da yake neman shago. Ku huta.”

Na ce, “Yaya, injin bai mutu ba. Su ne suka juya masa baya.”

“To yana aiki?”

Abin da ban iya gaya masa ba shi ne na san ƙanensa fiye da yadda ya san shi. Mutumin nan idan ya sauko ya tarar da kwalaben magani a inda injinsa yake, zai koma sama ya kwanta, kuma ba likitan da zai sake tayar da shi. Abin da nake tsoro ke nan, ba rashin kwastoma ba.

Na ce ya ba ni zuwa talatin ga wata. Idan ban kai wa makaranta bajenta ba, ba zan tare masa hanya ba. Ya ce ya ji. Bakina ne ya faɗa, ni ma na ji shi kamar daga wani ɗaki.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ya sake yin alamar allurai. Na sake cewa lafiya lau.

Asabar, 16 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na haɗiye girman kaina na je wurin mai sabon inji na bakin tasha, wanda Maigida ya koya wa ɗaura firam da hannunsa. Na ce ya ɗinka mini, ni in kai. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya tambayi mai jiki, sannan ya ce, “Wace makaranta ce ma?” Yadda ya tambaya ya sa na sha jinin jikina. Na ce wata ce can.

Ashe ma injin nasa a tsaye yake tun jiya. Manhajarsa sai ta gaisa da kamfani ta intanet kowane wata kafin ta yarda ta yi aiki, layin kuma ya ƙi. Yana zaune yana ɗaga waya sama kamar mai neman ruwan sama. Allah ya yafe mini, na fito ina jin daɗi.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ya zauna a bakin gado minti goma ba a riƙe shi ba. Ya ci abinci da hannun hagu, rabi a baki rabi a riga. Na goge masa, ya harare ni. Hararar nan ta fi mini komai daɗi a makon nan.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

Shugabar makaranta ta kira. Ta fara da gaisuwar mai jiki, ta ƙare da ranar Asabar.

“Kin san shekara goma sha ɗaya ba mu taɓa kai aikinmu wani wuri ba. In akwai matsala ki gaya mini yanzu.”

“Babu matsala, Malama.”

Na zama gwanar wannan jimlar. Da na ajiye wayar na shiga shago na goge injin kai shida ɗaya bayan ɗaya, na ɗiga masa mai, kamar gobe zai tashi. Gwaggo tana ta kallona.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban gaya masa ba. Ba don likita ba ne, in dai gaskiya zan rubuta.

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An sallame mu. Yaya da direba suka hau da shi sama a kan kujera, matakala goma sha huɗu. Yana kan gadonsa, tagarsa a buɗe, sandar da aka ba shi tana jingine kusa. Da na shigo da shayi na tarar yana shafa zanin gadon da tafin hannu. Na tsaya a bakin ƙofa ina godiya ga Allah har shayin ya huce.

Mun wuce ta gaban shago. Na tabbatar ƙofar a rufe take.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na manta abu ɗaya. Ɗakinmu a saman injin yake. In yana aiki, har cokali a cikin kofi rawa yake yi.

Tun ƙarfe takwas na ga ya karkata kai yana saurare. Ƙarfe tara ya ɗauki sanda ya buga daɓe sau biyu, ya dube ni. Na ce babu wuta. Ya ɗaga sandar a hankali ya nuna fankar sama, tana ta juyawa abinta.

Na ce zan duba tukunya.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na gaya masa.

Na zauna a ƙasa kusa da gadon don kada in ga fuskarsa. Na faɗi na kamfani, na faɗi na Tabarau, na faɗi alkawarin da na yi wa Yaya. Sannan na faɗi na ranar Alhamis. Na dawo ɗaukar katinsa na asibiti, na shiga shago, kujerarsa tana nan a kife inda ta faɗi, takalminsa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin tebur, ita kuwa Tsohuwa tana ta gurnani kamar ba abin da ya faru a gabanta. Na gaya wa Gwaggo tsoron gobara ne ya sa na kashe. Ba gobara ba ce. Haushinta na ji. Tun asuba yake gabanta ranar, ko karyawa bai yi ba, kuma ba ni da wanda zan huce a kansa.

Sai na ji gadon yana girgiza. Na zabura na ɗauka abin ne ya dawo. Ashe dariya yake yi, da rabin baki, hawaye yana bin gefen kunnensa. Ya miƙo hannun hagu ya dungure mini kai kamar yarinya. Sannan ya nuna ƙasa, ya nuna ƙirjinsa.

Na ce likita ya hana. Ya ce, “A'a.”

Kwana ashirin ina ɗauke da dutsen nan, mutumin da nake ɓoye wa ya sauke mini shi da ɗan yatsa. Har yanzu ban san ko zai iya gyarawa ba, amma yau na ci abinci na ji ɗanɗanonsa.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe uku na rana

Zan rubuta wannan dalla-dalla.

Ƙarfe tara Yaya da Tabarau suka sauko da shi. Yaya yana ta mita a kan matakala cewa wannan wahalar da mara lafiya ce. Muka zaunar da shi gaban Tsohuwa. Ya daɗe yana kallon injin kafin ya juyo. Tabarau ya buɗe manhajar, ɗan akwatin nan ya fito. Maigida ya duba kusurwar fuskar inda kwanan wata yake, ya dubi Tabarau, ya girgiza kai.

“Ranka ya daɗe, daidai na saita shi. Da wayata na duba.”

Ya sake girgiza kai. Ya yi alamar a ba shi biro. Da hannun hagu ya rubuta lambobi huɗu, kowacce ta kama hanyarta. Tabarau ya ɗora tabarau na biyu.

“Wannan ai shekara tara baya ce.”

Maigida ya gyaɗa kai.

Tabarau ya dafe goshi. Shi ya yi mana bayani, Maigida yana gyaɗa kai a inda ya dace. Lasisin shekara-shekara ake sabuntawa. Da kamfani ya daina sabunta wa masu tsohon zubi, sai Maigida ya hana agogon Tsohuwa fita daga shekarar ƙarshe da ya biya. Duk ƙarshen shekara sai ya mayar da ita farkonta. Shekara tara tana zaune a shekara ɗaya, tana ɗinka mana abin da muke ci. Sai a lokacin na tuna yadda duk ƙarshen shekara yake shiga shago ya ce zai rage wa Tsohuwa shekaru, ni kuwa in ce ya haɗa da ni. Ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Laifin namu ne mu biyu.

Tabarau ya mayar da agogon. Manhajar ta ƙi. Ya ce ta riga ta ga shekarar gaskiya, ta kulle kanta. Yaya ya gyara murya.

Maigida ya nuna kantar zare da sanda. Na ɗauko ja, a'a. Na ɗauko shuɗi, a'a. Gwaggo ta ce, “Ke matsa, gwangwanin kwarkwaro yake nufi, na can sama da ya hana ni taɓawa.” A ƙarƙashin kwarkwaron akwai faifai a naɗe cikin ƙyalle. Kwafin manhajar ne tun tana da lafiya. Tabarau ya sa, ya bi abin da sandar take nuna masa, layi bayan layi. Sau biyu Maigida ya buge masa hannu.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin manhajar ta buɗe. Ga zanenmu nan jere, har da littafi da fitila ta gaskiya, ba albasata ba. Na ɗaura firam shida. Maigida ya jawo hannun damansa da na hagu, ya ɗora babban yatsan a kan maɓalli, ya danna.

Ban san na yi kewar ƙarar nan haka ba. Gwaggo ta zauna a kan buhun ƙyalle tana share ido da gefen mayafi, tana cewa ƙurar zare ce. Yaya ya tsaya har bajen farko suka fito, ya ɗauki ɗaya ya juya shi gaba da baya, ya sa a aljihu ya fita.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Baje ɗari biyu da goma. Bayana kamar zai tsage. Alhamdulillahi.

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na sa Tabarau ya zauna ya faɗa mini komai, na rubuta mataki-mataki a takarda uku. Ɗaya a shago, ɗaya a sama, ɗaya a wurin Gwaggo. Ya kwafi faifan da zanen duka. Ya ce zai nemo mana irin Tsohuwa a kasuwar tsofaffin kaya mu ajiye, don ranar da wani abu ya ƙone a cikinta babu kamfanin da zai kalle mu. Ya ce yanzu da sabon batir ana iya kashe ta ba abin da zai faru.

Na ce ya kashe tasa.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mai kwat ya kira, wai an yi rangwame a kan sabon inji, ya tuna da ni. Na ce ya ɗan saurara, na kara wayar a jikin kai na uku.

“Hajiya, wannan tsohon ne?”

“Shi ne.”

“Ta yaya?”

Na ce sirrin gida ne. Ya yi dariya, sannan ya ce ko zan taimaka masa da lambar mai gyaran, saboda kawunsa. Na ba shi.

Ɗari shida da arba'in.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na kai. Shugabar makaranta ta zazzage leda ɗaya a tebur, ta juya bajen ta baya tana duba ƙullin zare kamar yadda take yi duk shekara. Ta ce, “Hannun Malam ba ya ɓuya.” Na ce haka ne.

Da na dawo na tarar da Yaya da kafinta suna kafa abin dafawa a jikin matakala, daga sama har ƙofar shago. Bai yi mini maganar mai kemis ba, ni ma ban yi ba. Ya ce kawai in gaya wa ƙanensa kada ya sauko sai katakon ya kama.

Lahadi, 31 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na yi barcin rana, awa uku.

Litinin, 1 ga sabon wata, ƙarfe goma na safe

Rigunan wani otal ne yau, guda arba'in. Na tayar da inji, na bar Gwaggo a kai, na hau sama in kai masa magani. Yana zaune bakin gado, ƙafafunsa biyu a kan daɓe ba takalmi, kansa a karkace. Na miƙa masa kofi bai karɓa ba. Bakinsa ya yi ta motsi, na tsaya ban taya shi ba, don nas ta ce in daina ƙarasa masa magana.

“Kai... na huɗu,” ya ce. Ya huta. “Zaren ƙasa... ya yi sako-sako.”

Na ajiye kofin na sauka. Na tsayar da inji, na zaro kwarkwaron kai na huɗu, na ja zaren da yatsa. Gaskiyarsa ne. Na ɗaure shi, na mayar, na tayar.

Gwaggo ta ce, “Ya aka yi kika sani?”

Na ce, “Shi ya faɗa.”

Ta ajiye almakashinta. Mun daɗe a tsaye mu biyu kafin na iya hawa sama.